Ɗaukar nauyin karatun ɗan talaka: makarantar kuɗi, ta gwamnati, almajiri, gidauniya ko wakafi?

A azumin da ya wuce, wani ƙanina da ke aiki a Abuja ya kira ni bayan asham. Ya ce ya ɗaura niyyar cire wani abu daga albashinsa duk wata saboda karatun 'ya'yan marasa ƙarfi, amma shawara ta yi masa yawa. Maiɗakinsa tana so su ɗauki wata marainiya da ke maƙwabtaka da gidan iyayenta, su sa ta a makarantar kuɗi. Abokan aikinsa suna da gidauniyar da suke zuba kuɗi duk ƙarshen wata. Hajiyarmu kuwa da ta ji, cewa ta yi ga almajirinta nan shekara uku yana yi mata ɗiban ruwa, wa ya fi shi cancanta? Ana cikin haka limaminsu ya yi huɗuba a kan wakafi, wato tsayar da dukiya amfaninta ya riƙa tafiya sadaka, ita ma ta shige shi. Kowa da gaskiyarsa, kuɗin kuma ba za su kai ko'ina da ko'ina ba.

Na yi shekaru a kwamitin iyaye da malamai na wata firamare a cikin birnin Kano. Na ga taimakon da ya kai yaro gaci, na ga wanda ya bar shi a tsakiyar ruwa, har da wanda ni na yi da hannuna. Abin da na gaya wa ƙanina a daren nan shi na ɗan faɗaɗa a nan.

Kada ma mutum ya sa a ransa cewa zai gama da matsalar. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, a 2022 kuma UNESCO ta kai lissafin kusan miliyan 20, mafi yawansu a Arewa. Naka shi ne ɗan abin da ke hannunka ya faɗa inda zai yi tsiro.

Ma'aunin da za a auna kowace hanya

Na farko kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi kuɗin zango ɗaya, a ga ba yawa, a ce bisimilla. Daga aji ɗaya na firamare zuwa ƙarshen babbar sakandare shekara 12 ce, kowace shekara zango uku, zango 36 ke nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, babu makarantar da ta tsaya a tsohon farashinta. Lissafin gaskiya shi ne na ranar da yaron zai gama.

Na biyu ɗorewa. Idan aiki ya tsaya maka, ko ciwo ya kwantar da kai, ko ka ƙara aure hidima ta ninka, ko ta Allah ta kasance, me zai faru da yaron? Wannan ma'aunin ni na fi ba shi nauyi a kan sauran duka.

Na uku sauƙi. Wata hanyar tura kuɗi ta waya ya ishe ta, wata kuma sai ka taka da ƙafarka, ka zauna da hedimasta, ka san uwar yaron.

Na huɗu haɗari: kuɗin su bi ta wata hanya, ko yaron ya cutu, ko a zubar wa iyayensa mutunci da sunan taimako.

Akwai na biyar da mutane ke mantawa, wato ko yaron yana koyon wani abu kuwa. Yaro ya sa yunifom ya fita da safe ba ya nufin ya iya karatu. Ka miƙa wa ɗan aji biyar takardar Hausa mai layi huɗu ka ce ya karanta, nan take za ka san inda aka kwana.

Makarantar kuɗi

Ita ta fi daɗi a zuciya. Jiya yarinya tana yawo ba takalmi, yau ga ta da jaka da safa da ɗan kwandon abinci. Aji ba cunkoso, malami ya san sunanta, in ba ta zo ba a kira waya. Idan makarantar ta kirki ce, cikin shekara guda za ka ji bambanci a bakinta.

Sai dai abin da aka rubuta a takardar shiga rabin labari ne. Akwai kuɗin fom, yunifom kala biyu ko uku, kayan wasanni, littattafan da dole a makarantar za a saya, kuɗin jarrabawa, kuɗin walimar ƙarshen shekara, ga kuɗin mota in da nisa. Kowane sabon zango kuma sai a aiko da 'yar takarda cewa an yi ƙari saboda halin da ake ciki.

A nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake ci mini rai. Na ɗauki ɗan wani maƙwabcina da ya rasu na sa shi a makarantar kuɗi, lokacin kasuwa tana yi da ni. Shekara biyu na yi ina biya, a ta uku abubuwa suka juya. Aka fara koro shi gida saboda kuɗin makaranta, yau a koro gobe in je in ba da haƙuri, har dai na ga ɗaukar Dala ba gammo na yi, na mayar da shi ta gwamnati. Yaran can suka sa shi gaba da tsokana wai ɗan gayu ya dawo. Bai ƙarasa shekarar ba ya daina zuwa. Da tun farko a ta gwamnati na bar shi na tsaya masa, ina kyautata zaton da ya gama. Ta fuskar ɗorewa, wannan hanya ita ce mafi rauni, domin komai a wuyan mutum ɗaya yake rataye.

Sauƙi kam tana da shi: ka biya ta asusun makarantar kai tsaye, ka karɓi rasit, a turo maka sakamako. Kada ka ba da kuɗin a hannu a ce za a kai. Sau da yawa ba cin amana ke cinye su ba, gida ne ba hatsi, kuma babu uwar da za ta riƙe kuɗi a bakin zane 'ya'yanta suna kukan yunwa.

Haɗarinta biyu ne. Da yawa daga makarantun kuɗi na cikin unguwa gidan haya ne mai ɗaki huɗu da allo a ƙofa, malaman ba su daɗe da gama sakandare ba, ana biyansu abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, kowane zango sai an sake sabbi. Ka tambaya ko tana da rajista da hukumar jiha, ka kuma shiga aji ka zauna minti goma. Ɗaya haɗarin a cikin gida yake. Ka zaɓi yaro ɗaya cikin takwas, musamman a gidan da ke da 'yan uba, ka ɗaga shi sama, to ka kunna wutar da ba kai za ka kwana a cikinta ba.

Wanda ya ga lallai ita yake so, ya yanke zango tun farko: zan kai ta ƙarshen aji shida, ko ƙarshen ƙaramar sakandare. Ya faɗa wa iyayen a fili, ya riƙa biyan shekara guda gaba, ya kuma nemi ragin marayu, don masu makarantu da dama suna yi in an tambaya.

Tsaya wa yaro a makarantar gwamnati

A takarda karatun nan kyauta ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, gwamnatin Kano ma a 2019 ta shelanta ilimi kyauta kuma dole har sakandare. To me ke hana yaran zuwa? Ƙananan abubuwa ne waɗanda mai albashi ba ya ko lissafa su: yunifom ya yage, ba takalmi, ba littafin rubutu da biro, ba kuɗin tara, kuɗin adaidaita sahu in makarantar ta yi nisa, ɗan abin da ƙungiyar iyaye ta yanka don gyaran benci. Na ga yarinyar da ta yi zango guda a gida saboda hijabin makaranta.

Kuɗin da zai riƙe yaro ɗaya a matsakaiciyar makarantar kuɗi zai toshe wa yara da dama irin waɗannan ɓarakar. Kuma ga babban abin da ya sa nake fifita ta: ranar da ka gaza, ba wanda zai kori yaron. Sunansa yana cikin rajista, kujerarsa, in akwai kujerar, tana nan. Zai koma cikin ƙunci, amma karatunsa bai yanke ba.

Rauninta a bayyane yake, ba sai an ɓoye ba. A cikin birni na shiga ajin da yara suka haura ɗari, rabinsu a ƙasa, malama ɗaya tana ta fama da murya. Yaro zai iya shekara shida a irin wannan aji ya fito bai iya haɗa baƙi ba. Ita kanta gwamnatin Kano a 2024 dokar ta-ɓaci ta ayyana a kan ilimi. Maganin da na ga yana aiki shi ne lesin. Kowace unguwa akwai matashi ko matashiya mai takardar NCE da ke zaune ba aiki. Ka yi magana da shi, ka tara masa yara biyar ko shida a soro ko a barandar Islamiyya, kwana huɗu a mako, awa ɗaya da rabi, karatu da lissafi kawai. Ka biya shi duk wata ba fashi. Ka taimaki mutum bakwai ke nan da kuɗi ɗaya. Ka fara musu da Hausa, in bakinsu ya faɗa da haɗa baƙi a harshen da suke ji, Turanci ba ya yi musu wuya.

Wahalarta ita ce sa ido. Dole a samu wanda zai leƙa makarantar ko da sau ɗaya a wata, ya duba littafin yaron, ya gaisa da malamin aji. Malami in ya san yaro yana da mai bibiya, kallon da yake masa ma daban ne. Idan kana nesa, ka samu wanda za ka wakilta, kuma tsohuwar malama mai ritaya ta fi ɗan uwanka mai harkoki goma.

Sha'anin 'ya mace yana da nasa lissafin. Yarinyar da ke talla ita ce kasuwar uwarta, daga cinikin nan ake cefane, daga nan ake adashin kayan ɗaki. Ka saya mata jaka da littafi ka tafi, bayan sati biyu za ka gan ta da farantin awara a bakin titi, kuma ba za ka ce uwar ta yi laifi ba. Sai an zauna da uwar. Wani lokaci ɗan jarin da zai sa ta koma sana'ar da ake zuwa saye har gida, kamar niƙa, ko sayar da itace da gawayi, ko ɗinki, ya fi duk wani abin da za ka saya wa yarinyar amfani. In ta fara girma kuma, audugar mata ta shiga lissafi, don rashinta kaɗai yana sa 'yan mata fashin kwanaki duk wata. Maza ba sa tunawa da wannan, shi ya sa ya fi kyau mace ta riƙe wannan ɓangaren. A jihohin da shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa karatun 'yan mata, ke aiki, irin su Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ka tambayi shugabar makarantar ko yarinyar tana cikin masu samun tallafinsa kafin ka ninka abin da aka riga aka ba ta.

Akwai kuma mashigai guda uku da yaran talakawa ke zubewa, wanda duk ya tsaya a ɗayansu ya yi aiki babba da kuɗi kaɗan. Na farko tsallakawa daga aji shida zuwa sakandare. Na biyu jarrabawar shiga makarantun kimiyya bayan ƙaramar sakandare. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977, sun fitar da likitoci da injiniyoyin da iyayensu manoma ne da 'yan tireda, abin da yaro mai ƙwaƙwalwa yake buƙata shi ne wanda zai saya masa fom ya shirya shi, in ya ci kuma ya haɗa masa akwati. Na uku jarrabawar fita. A Kano wanda bai ci kwalifayin ba, wato jarrabawar tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa, shi zai biya wa kansa, kuma a 2024 rajistar NECO da ta WAEC kowacce ta haura naira 20,000, ban da abin da makaranta ke ɗorawa. Yara nawa ne suka yi shekara 12 suna zuwa makaranta suka tashi ba takarda saboda wannan kuɗin? In an haye nan aka haye JAMB, tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, nauyin ya ragu.

Maganar makarantar kwana kuwa, bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, ba kai za ka yanke ba. Ka bar wa iyayen, su suka san hanyar garinsu.

Almajirin gida

Hajiyarmu ba ta yi kuskure ba, wanda ke ƙofarka yana da haƙƙi. Amma almajiri ba maraya ba ne. Yana da uba a ƙauye wanda ya kawo shi da niyya, yana da malamin da aka damƙa wa amanarsa. Duk shirin da ya tsallake waɗannan biyun ba ya kai labari. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun almajirai sama da 150, ta buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a 2012, da yawansu suka koma kufai. A 2020 lokacin korona gwamnoni suka kwashe almajirai a motoci zuwa jihohinsu, ba a jima ba suka dawo. A 2023 an kafa hukuma ta ƙasa musamman don su. Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne gini bai taɓa zama matsalar ba, ciki ne da yardar malam.

Saboda haka da abinci ake farawa. Yaron da ya san kwanonsa yana nan safe da rana da dare ya daina bara, lokacin da yake ɓatawa a yawo ya zama nasa. Daga nan sai ka je wajen alaramma da girmamawa, da ɗan abin sadaka a hannu, ka ce kana neman izini yaron ya riƙa zuwa boko tsakanin karatun safe da na yamma, ko ajin yaƙi da jahilci, ko kuma ranakun Alhamis da Juma'a da ba a karatu. Ka tabbatar masa allonsa ba zai tsaya ba, ka kuma ɗauke masa kuɗin laraba. Da yawansu suna yarda in ba a zo musu da raini ba. Wanda ya fara tasawa, sana'a ta fi karɓarsa: ɗinki, gyaran waya, walda, kafinta. Ka kai shi wajen mai shagon da ka sani, ka biya kuɗin koyo, ranar yaye ka saya masa keken ɗinki ko kayan aiki. Wanda ya yi sauka kuma yana son takarda, akwai hanyar makarantun Arabiyya da jarrabawar NBAIS ta kammala sakandaren Arabiyya, wadda ke kai mutum har jami'a.

Kuɗinta ba yawa, rabinsa ma daga tukunyar gida yake fita. Lokaci take ci, kuma ba ta yiwuwa daga nesa. Ɗorewarta tsaka-tsaki ce: damina ta faɗi a kira shi noma, ko malam ya tashi da ɗalibansa zuwa wani gari, shi ke nan. Ka karɓi lambar uban tun da wuri. Haɗarin da na fi ji mata kuwa daga gare mu yake. Abu ne mai sauƙi a wayi gari yaro yana wanki da shara da aike daga safe har dare a bakin tuwon jiya, mu kuma muna gaya wa mutane muna riƙe da almajiri. In aikin gida ya hana shi zuwa ajin da ka sa shi, to ɗan aiki ka samu a araha.

Gidauniya ko ƙungiya

Babu wadda ta kai ta sauƙi, kuma ko naira dubu biyu gare ka za ta shiga. Hannu da yawa ne, in kai ka gaza wata uku yaron bai sani ba. Ƙungiya mai tsari tana iya abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, kamar ɗaukar malamai ko sayen littattafai a sari.

Sai dai suna suka tara. Akwai tsofaffi masu makarantu a ƙasa irin FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa tun 1985, akwai ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban unguwa, akwai hukumomin jiha irin Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da ta Zakka da Wakafi ta Sakkwato. Akwai kuma waɗanda ba su da komai sai shafi a Facebook da hoton yaro yana kuka, da waɗanda ke tsirowa in zaɓe ya matso su bushe in an rantsar.

Kafin ka tura ko kwabo, ka nemi lambar rajistarsu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ka duba. Asusun ya kasance da sunan ƙungiyar, ba sunan shugabanta ko matarsa ba. Ka ce a faɗa maka sunan makaranta ɗaya da suke da yara, ka aika wani ya je ba tare da sanarwa ba. Ka tambayi yaran da suka ɗauka shekara uku da suka wuce, ina suke yanzu? Masu gaskiya suna jin daɗin wannan tambayar, marasa ita sai su ce ba ka yarda da Allah ba. Kada kuma ka tsorata don sun ce wani kaso yana tafiya a albashi da man mota, mai bibiyar yara shi ma yana da ciki. Wanda ya rantse maka ko sisi ba ya taɓawa, shi ne abin bincike. Ni dai ƙungiyar da ke jera marayu a rana tana ɗaukar fuskokinsu da buhun shinkafa a gaba, ko rajistarta goma ba na ba ta.

Wakafi

Asalinsa sananne ne: gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibara, aka ce ya riƙe tushen ya sadaukar da amfanin. Da irin wannan Azhar ta Masar da Ƙarawiyyin ta Fas suka rayu ɗaruruwan shekaru. A yau shi ne ka tsayar da shago ko gida ko gona, kuɗin haya ya riƙa biyan karatun yara har bayan ranka. Wajen ɗorewa ba ta da na biyu, wajen tsada ma haka. Hayar shekara ɗan ƙaramin kaso ce na kuɗin gida, a ciki kuma za a cire gyara da watannin da ba ɗan haya.

Abin da ke kashe wakafi a ƙasar nan magada ne da rashin takarda. A mazhabar Malikiyya, in mutum ya yi hubusi, wato wakafi, bai fitar da shi daga hannunsa ba har ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, hubusin ya ɓaci, ya koma gado. In kuma wasiyya ya bari, ba ta wuce sulusi. Don haka a rubuta, a sa shaidu, a damƙa wa masu kula tun kana da lafiya, a kai takardar hukumar wakafi ko kotu, masu kular kuma kada su gaza uku. Wani abin lura: mutanenmu sun fi son gina aji a rubuta suna a bango. Aji ba malami ɗakin ajiyar awaki ne. Shago biyu da hayarsu ke biyan albashin malami sun fi bulo shida da fenti. Kuma mafi yawan malamai ba su yarda a yi gini da kuɗin zakka ba, ita ta mutanen nan takwas ce da aka lissafa a Suratut Tauba, sai dai a ba wa mabuƙacin ya biya wa ɗansa.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | In ka gaza | Wahalar bibiya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Makarantar kuɗi | Mai yawa, yana ƙaruwa duk shekara | A kori yaron | Kaɗan | Yankewa a tsakiya, makarantar jeka-na-yi-ka |
| Ta gwamnati da lesin | Kaɗan zuwa matsakaici | Yana nan a aji | Mai yawa | Ya gama bai iya karatu ba in ba sa ido |
| Almajiri | Kaɗan | Ya koma bara | Mai yawa ƙwarai | Ya tashi daga garin, ko ya zama ɗan aiki |
| Gidauniya | Gwargwadon hali | Wasu su ci gaba | Kusan babu | Kuɗin su bi iska |
| Wakafi | Mai yawa, sau ɗaya | Yana ci gaba | Mai yawa a farko | Magada da masu kula |

Wa ya dace da wacce

Mai albashi da yake cire abu kaɗan duk wata, kuma yana garin ko yana da wakili amintacce, ya tsaya wa yara biyu ko uku a makarantar gwamnati ya haɗa musu da lesin. Ita nake ba mafi yawan masu tambayata.

Wanda kuɗi ke zuwa masa jefi-jefi, ɗan kasuwa ko manomi bayan kaka, kada ya ɗauki alkawarin wata-wata. Ya je sakandaren unguwarsu lokacin rajista, ya ce a nuna masa masu ƙoƙarin da ba su biya NECO ba, ya biya a gabansa ya karɓi rasit.

Makarantar kuɗi ta wanda samunsa ya zauna ce, wanda zai iya ajiye kuɗin shekara biyu gaba, kuma yaron na jikinsa ne, kamar ɗan ɗan'uwa da ya rasu wanda zai taso tare da 'ya'yansa. A nan ma raba su makaranta shi ne abin kunya.

Uwar gida da ke zaune a gida, tukunyarta tana da albarka amma ba ta da kuɗi a hannu, almajirinta ya ishe ta lada, in dai maigida zai je ya ga malam.

Wanda ke Legas ko Saudiyya ko Ingila, ba shi da mai leƙa masa, ya nemi ƙungiyar da ta ci jarrabawar da na lissafa, ya fi masa aika kuɗi gida a ce an biya.

Mai gidaje da shaguna wanda furfura ta fara, ya yi wakafi yanzu da ƙafarsa, kada ya bar wa 'ya'ya saƙo. 'Yan kasuwa goma ma za su iya haɗuwa su sayi shago ɗaya.

Shi ƙanina, marainiyar nan ya bar ta a firamaren unguwarsu, ya ɗinka mata yunifom biyu, ya sa ta a lesin tare da ƙannenta, surukarsa ce ke leƙawa. Almajirin Hajiya kuma ni na je wajen malaminsa, yanzu yana zuwa shagon tela bayan karatun safe. Maiɗakin nasa har yanzu tana kan bakanta na makarantar kuɗi, sun yi da ita za a sake zama in sakamakon zango na biyu ya fito.